Zaren Hannun Hagu

Ranar da aka kafa wa Baba Tinni masaƙarsa a gindin aduwar gidan, Bibata ta share tsakar gida sau uku, alhali tun sharar farko ko tsinke bai rage a ƙasa ba. Ba don masaƙi take wannan wahala ba. Daga bakin ƙofa ana hango hanyar da ta fito daga Gotai, kuma tsintsiya ce kaɗai ke iya kai matar aure bakin ƙofa ba tare da wani ya tambaye ta abin da take leƙe ba.

'Yarta take jira. Mintu sunanta, ita ce ta fari, kuma ita kaɗai Allah ya bar mata, biyun da suka biyo baya ba su yi arba'in ba. Shekararta takwas, uku daga ciki a Gotai ta yi su, a hannun gwaggonta Zalika, yayar mijin Bibata. A wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ba ta kallonsa sai dai ta saci kallo. Kunya ce, ana kuma yabon mace da ita. Ni dai ban taɓa ganin wanda ya tsaya ya tambayi matan nan abin da yabon nan ke ci musu a ciki ba. Shekara uku ke nan, duk wanda ya zo daga Gotai sai Bibata ta tambaye shi ko kogi ya cika, ko sauro ya yi yawa bana, ko ƙyanda ta shiga garin, sannan ta tsaya tana jira ko zai yi suɓul da baka ya faɗi abin da take son ji.

Abin da ya raba su kuwa hannu ne. Mintu tana shekara biyar Zalika ta zo ganin gida, aka ajiye ƙwaryar dambu, yarinya ta miƙa hagu. Zalika ta buge hannun. Ta yi loma biyu da dama, sai ga hagu ya dawo. Zalika ta dubi Bibata ta ce, "Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Washegari ta ɗora yarinyar a kan jaki. Jibo, mijin Bibata, yana Kumasi wajen dako kamar rabin mazan garin, ko da yana nan ma ba ya ja da yayarsa tun da uwarsu ta rasu. 'Yar ɗan'uwa kuwa ta gwaggo ce, in ta ce ta ɗauka, ta ɗauka.

Duk garin an san Bibata bahaguwa aka haife ta, ita da wanta Hamani, ciki ɗaya, hannu ɗaya. Shi dai an koya masa cin tuwo da gaisuwa da dama, aka bar masa sauran. Da hagu yake jifa, da hagu yake riƙe lauje, da ya girma ya shiga kokawa babu wanda ya san ta inda zai kamo shi, har makaɗa suka riƙa yi masa kirari da hagun nan. Ita kuwa tana shekara shida ta ɗauki mazari, kafin wata uku ta kaɗa zaren da matan unguwa suka riƙa zuwa kallo suna ɗaga shi a rana. Kakarta ta wajen uba ita ma ta zo kallo, sai dai ba zaren ta kalla ba, hannun ta kalla. Aka kira baduku ya ɗinka 'yar jakar fata, aka dunƙule mata yatsu aka cusa, aka ɗaure a wuyan hannu. Daga shukar fari har aka kai gero rumbu hannun yana ciki, sai ranar Juma'a a kwance a wanke a mayar. Ranar da aka cire jakar gaba ɗaya hannun ya fito a yamutse yana wari, babban yatsa ya ƙi miƙewa. Ya miƙe daga baya, amma abin da ke cikinsa bai dawo ba. Tun daga nan da dama take kaɗi, abawa mai kauri mai ƙulli-ƙulli, irin wadda ake karɓa a ce an gode, a ajiye ta don lagwani.

Yanzu ga shi za a kai Gambi ɗaki, autar su Jibo, kuma ba a kai amarya ba bargon aure. Kowace mace a dangi ta yi watanni tana kaɗi, an kira masaƙi an zaunar da shi a gida, saura zaren Gotai da mai kawo shi.

Sai da rana ta karkata suka ɓullo. Zalika a kan jaki, kwandon zare a gabanta, yarinya a baya tana tafe da ƙunshi a ka.

"Ina matar ƙanena? Bibata! Ke har yanzu shara kike, ko ƙasar gidanmu za ki kwashe ki kai gidan ubanku?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Sannunku da hanya."

"Hanya ba ta da kirki, jakin nan kuma ya fi mijina taurin kai. Ke, ajiye kayan ki gaida matar babanki."

Mintu ta durƙusa. "Ina wuni, Bibata."

"Lafiya," in ji Bibata, idonta a kan tsintsiya.

A ɗan kallon da ta sata ta kwashe abin da za ta kwasa. Yarinya ta kai hammatar Zalika. Haƙoran gaba sun fito manya, wuya ya yi tsawo irin na ubanta. A ƙwabrinta na dama akwai wani tabo wanda ya daɗe da warkewa, kuma tabon nan ya fi komai yi wa Bibata ciwo, don ba ta san ranar da aka ji shi ba, ba ta san wanda ya hura shi ba.

Wajen cin tuwo Zalika ta buɗe baki a gaban matan da suka taru yi mata sannu. "Ku dube ta da kyau. Shekara uku ina fama, ludayi biyu na fasa a bayan hannun nan. Yanzu ko ƙuda ba ta kora da hagu. Ban ɗaure ba, ban ɗinke ba, ni ba irin mutanen da ba ce, icce dai tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In an kai Gambi ɗaki zan bar muku abarku, ni na gama nawa."

Bibata tana kwasar tuwo a lokacin. Mara ta suɓuce mata ta faɗa tukunya. "Allah ya saka da alheri, Yaya," ta ce, ta sa hannu ta tsamo marar, ba ta ji zafin ba sai daga baya.

Daga ranar ta zama wata iri, ko da yake sai wanda ya san ta ne zai gane. Ta zaro wata 'yar tabarma daga bayan tukwane ta sake mata baki. Ta nemo matsefinta na ƙaho ta wanke. In tana raba miya, sai a yi rashin sa'a kan kifi ya faɗa ƙwaryar yara ta gefen da Mintu ke zama, kullum kuwa rashin sa'ar nan ba ya kuskure. Tana ƙirga kwanakin da suka rage da tsawon bargon da ke naɗuwa a sandar da ke gaban Baba Tinni.

Baba Tinni tsoho ne, ya shekara arba'in yana zaga gidajen bakin kogi yana saƙa wa 'ya'yan mutane bargon aure. Ƙafa na taka, hannu na jefa ƙoshiya, baki kuma ba ya hutawa. Tun ranar farko ya gaya wa matan gidan cewa in miya ta yi ruwa bargo ma zai yi sako-sako, saboda haka nama bai yanke masa ba, goro ma haka. Mata kan kawo shinkafarsu su tsince a kusa da shi don su ji hira, yara kuma su baje a inuwar aduwa.

Wata rana 'yan mata suna 'yar carafke a wurin, dutse na tashi sama hannu na kwashe na ƙasa, sai yaran maza suka nace sai an sa su. Aka ba ɗan maƙwabciya, ya jefa dutse ya watsar da sauran, na saman ya faɗo masa a goshi. Uwarsa ta yi dariya har da hawaye.

"Dubi sakarai! Ya girmi yaran nan da shekara biyu fa."

"Bar shi," in ji Baba Tinni. "Namiji yatsunsa a makare suke zuwa. Yarinya 'yar biyar za ta zura miki zare a allura, ta tsince tsakuwa a shinkafa, shi kuwa ɗan bakwai mazagin wandonsa ma sai an ɗaura masa. Amma ba shi dutse ki nuna masa ƙadangare a katanga ki gani."

"To bahagwai fa, Baba?" in ji uwar yaron. "Me ya sa duk maza ne?"

"In a dandali kika ƙirga, haka ne. Bahago goma, da ƙyar ki sami mace biyu. Ni kuwa ba a dandali nake ƙirge ba, a zare nake. Maza sun fi yawa, ban musa ba, amma ba kamar yadda kuke gani ba. Namiji a bar shi da kayansa, mace a karɓe. Akwai zaren da zan taɓa in san mai shi da hannun aro take kaɗi."

Bai dubi Bibata ba, amma ta ji kamar ya nuna ta da yatsa. Ta mayar da ido wajen yara. Lokacin Mintu ne. Da dama take yi, tana kwasa biyu ta zubar da ɗaya, ƙanana da ita suna cinye ta. Hannunta na hagu kuwa ta danne shi a ƙarƙashin cinya ta zauna a kai. Bibata ta san zaman nan, ta yi shi shekaru. Mutum ba ya danne hannun da ya mutu.

Ba ta gaya wa kowa ba, ta ma hana kanta tunanin. Bargo dai yana ta tsawo.

A rana ta tara, da hantsi, ƙarar ƙoshiya ta tsaya. An juye zaren kowa a kwando ɗaya tun farko, Baba Tinni ya miƙa hannu ya ɗauko wani ɗan dunƙule zai haɗa da wanda ya ƙare. Ya lashi yatsa, ya haɗa bakin zaren biyu ya murza. Maimakon su kama, sai bakin sabon ya buɗe ya koma auduga. Ya gutsure ya sake, ya sake buɗewa. Ya ɗaga zaren a rana ya ƙura masa ido.

"Zalika, zo ki ga ikon Allah."

"Me kuma, Baba? In goro ne ka cinye na yau."

"Zaren nan baya yake tafiya. Duk na kwandon nan murɗinsu ta nan ya bi, shi ta can. In na murza, ɗaya na ƙullewa ɗaya na warwarewa. Da hagu aka kaɗa shi." Ya ja kamu guda ya bar shi yana lilo. "Amma wallahi rabona da riƙe zare irin wannan tun ina saurayi. Dubi, ko ƙulli ɗaya babu, sai ka ce ba hannu ne ya yi ba."

Sai da ya rufe baki ya ga fuskar Zalika, ya gane bakinsa ya riga hankalinsa.

"Zaren hagu a bargon amarya?" in ji Zalika. "So ake auren Gambi ya warware kamar yadda zaren ke warwarewa? Wace ce mai wannan aiki?"

Mata suka dubi juna. Zalika ba ta dubi kowa ba, kai tsaye ta juya wajen Mintu, wadda ke tsaye kusa da turmi.

Bibata ma ta juya, kuma wannan karon ba satar kallo ta yi ba. Yarinyar ba gwaggonta take kallo ba, uwarta take kallo. Akwai tsoro a fuskar, amma ba tsoro kaɗai ba. Irin kallon nan ne na yaron da ya ɓoye abu a bayansa yana jira a tambaye shi me ya kawo. Nan take Bibata ta gane komai. Ba kuskure ne ya jefa dunƙulen nan a kwando ba. An kaɗa shi a ɓoye, wataƙila a bayan rumbu lokacin da Zalika ke barcin rana, an kuma cusa shi cikin zaren da za a kawo gidan nan don wata mace guda ta gani.

"In ke ce, Mintu, to na gaji," in ji Zalika, ba da faɗa ba, don ita ma tana son yarinyar, maza huɗu ta haifa babu mace. "Ludayi ya kasa ke nan. Wane gida ne za su ci tuwon da aka tuƙa da hagu? Wace uwar miji ce za ta karɓi ruwa a hannunki? Abin da ya gyara uwarki shi zai gyara ki. Yau ɗin nan za a kira baduku. Ba kuma ni zan ɗaure ba, zuciyata ba za ta iya ba. Ga ki ga uwarki, ita ta san yadda ake yi, ta riƙe ki a nan ta ɗaure da kanta daga shuka har kaka. Yi magana, ke ce?"

To, ga abin da Bibata ta shekara uku tana roƙo an ajiye mata a gabanta. Ba a ce ta yi komai ba, shiru kawai za ta yi. Yarinya za ta amsa, jaki ya koma Gotai da mutum ɗaya. Za a shimfiɗa 'yar tabarmar nan kusa da tata. Za ta tsefe kan nan ta kitsa, ta ji labarin tabon ƙwabri, ta tashe ta da safe. Ranar Juma'a kuma ta kwance jaka ta wanke hannu ta mayar. Da ta kawo nan a tunani sai warin ya dawo mata, warin fata da gumi, shekara ashirin da biyar bai canja ba.

Mintu ta buɗe baki.

"Nawa ne," in ji Bibata.

"Me kika ce?"

"Zaren nawa ne, Yaya. Ni na kaɗa."

Maƙwabciya ta kece da dariya. "Ke? Mai abawar lagwani?"

"Da dama nake lagwani. In kun tafi rijiya nakan tura ƙofa in yi da ɗayan. Mantuwa na yi ya shiga kwando."

Zalika ta daɗe tana dubanta. "Gani ya kori ji. A kawo mazari."

Aka kawo mazarinta da taskira da alli da sutun auduga. Bibata ta zauna a ƙasa, mata suka kewaye ta, yara suka leƙo ta tsakanin zannuwa. Ta riƙe auduga da dama. Ta dangwala babban yatsan hagu da manuni a alli, ta kama ƙasan mazari. Hannun ya yi mata nauyi kamar na wani. Ta murza, mazari ya yi tangal-tangal ya kife. Ta tayar ta sake, ya juya sau uku zare ya tsinke. Wata ta yi tsaki. Bibata ba ta ɗaga kai ba, don ta san in ta haɗa ido da yarinyar ba za ta iya ba. Ta ce a ranta, kai hannu, ban taɓa roƙonka komai ba tun da na bari aka yi maka abin da aka yi, yau kaɗai.

Ta murza na uku. Mazari ya tsaya a kan ƙafarsa ya ɗauki ƙugi, auduga ta fara sakin kanta. Zare ya fito, kamu ɗaya, kamu biyu. Yana rawa, yana da ƙulli nan da can, amma ya fi duk abin da damarta ta taɓa yi, kuma baya yake tafiya. Wani abu ya taso mata daga yatsa ya bi hannu ya tokare ta a ƙirji. Ashe yana nan. Duk shekarun nan yana nan yana jira, ita kuwa tana ta kaɗa lagwani ana ce mata an gode. Baƙin ciki ne da daɗi suka haɗu mata wuri ɗaya, hawaye ya ɗiga a taskira, mata suka ɗauka na kunya ne.

Zalika ta tsinke zaren ta kai wa masaƙi. "Duba min, Baba. Da wannan da wancan."

Baba Tinni ya jera su a tafin hannu. Wanda ya shekara arba'in yana taɓa zare ba ya buƙatar a gaya masa cewa ɗaya na hannun da aka karya ne, ɗaya na hannun da bai san jaka ba. Ya tauna goronsa, ya dubi Bibata, ya dubi yarinyar da ke bakin turmi.

"Murɗin ɗaya ne," ya ce.

"Amma wannan ya fi kauri."

"Ke ma a tara miki mata goma a ka, ki ga ko hannunki ba zai yi rawa ba. Ni dai ku ba ni zaren da zan yi aiki da shi, rana na yi."

Zalika ta saki numfashi. Ta jawo Mintu ta rungume a jikinta. "Yi haƙuri, 'yata, na zarge ki a banza." Sannan ta juyo. "Ke kuwa, Bibata, ban san abin da zan ce miki ba. Shekara goma kina tuƙa wa ƙanena tuwo, Allah kaɗai ya san da wane hannu. In bar yarinya a nan ki rushe min aikin shekara uku a wata ɗaya? Ba da ni ba. Tare muka zo, tare za mu koma, sai ranar da za a kai ta ɗaki ta taka gidan nan da sunan zama."

"Yadda kika ce, Yaya."

"A fitar min da zaren nan daga kwando."

Baba Tinni ya naɗe dunƙulen a hankali ya miƙa wa Bibata da hannu biyu. "Karɓi kayanki, 'yata."

Kwana shida suka rage, kuma sun yi mata tsawo sun yi mata gajarta. Maƙwabciya ta daina aikowa a sammata fura. In Bibata ta miƙa wa wata ruwa sai an dubi hannun kafin a karɓa. Wannan duk bai dame ta ba. Abin da ya dame ta shi ne Mintu ta daina kallonta gaba ɗaya, kan kifi ma in ya faɗo gefenta sai ta tura wa na kusa da ita. Bibata ta riƙa cewa a ranta, tana ganin na ƙwace mata zarenta, ko tana ganin ba na son ta zauna. Babu kuma hanyar da za ta bi ta gaya mata, gida cike da 'yan biki, kunya kuma tana tsaye a tsakani. Ta naɗe 'yar tabarmar ta mayar bayan tukwane.

Aka sauke bargo, aka ɗinke, aka yi guɗa, aka kai Gambi ɗaki. Washegari da safe Zalika ta sa aka ɗaura wa jaki kaya. Bibata tana murhu tana ƙunshe musu guzuri, busasshen kifi da dunƙulen fura.

Zalika ta ƙwala kira, "Mintu! Ina yarinyar nan ta shiga? Rana za ta yi mana a hanya!"

Sai da aka kira sau uku ta fito ta bayan ɗakuna, tana gyara zani. Bibata ta ɗauko ƙunshin guzuri, ɗora wa yaro kaya dai ba kunya a ciki. Mintu ta ɗaga hannu biyu za ta tara. A nan Bibata ta gani. Babban yatsan hagu da manuni fari fat da alli, har cikin farce. Zalika tana can tana jan igiyar kaya ta ba su baya, saura kaɗan ta juyo.

Bibata ta dire ƙunshin ta cafke wuyan hannun. "Dubi ƙazanta!" ta ce da ƙarfi. "Haka za ki shiga Gotai a ce daga gidanmu kika fito?"

"Wanke ta dai," in ji Zalika ba tare da ta waiwayo ba. "Kwana goma sha biyar ta yi tana birgima da 'ya'yan ƙauye."

Bibata ta tsoma bakin zaninta a randa ta durƙusa ta fara gogewa. Rabonta da taɓa jikin nan shekara uku. Hannun ɗan ƙarami ne mai ɗumi, a gefen babban yatsa akwai kanta mai tauri, daidai inda mazari ke zama. Alli ya fita tun gogewar farko, amma ta ci gaba, yatsa bayan yatsa, ta juya tafin ta goge, ta sake komawa farko.

"Ke na kaɗa wa," in ji Mintu ƙasa-ƙasa, idonta a ƙasa. "Don ki gani."

"Na gani."

"Ya yi kyau?"

"Ban taɓa ganin irinsa ba." Bibata ta matse hannun. "Kada ki bari. Amma ki riƙa wankewa kafin ki fito, har cikin farce. Kin ji?"

Yarinya ta gyaɗa kai. Bibata ta miƙe ta ɗora mata ƙunshin, ta sunkuya kamar mai gyara gammo, ta kai bakinta kusa da kunnen. Sunan nan tun ranar da liman ya raɗa shi bai taɓa fita daga bakinta ba.

"Mintu," ta ce.

Jaki ya motsa. Ta bi su har bakin ƙofa, ba tsintsiya a hannunta, kuma ba ta damu da wanda zai gani ba. Ta tsaya har hanya ta karya ta bayan gonakin gero, ƙunshin da ke kan yarinyar ya shige cikin kara.

Da ta koma ɗaki ta tarar an taɓa mata taskira. Mazarinta yana ciki, an naɗa masa sabon zare siriri, ba shi da yawa, gwargwadon abin da yaro zai kaɗa kafin a kira shi sau uku. Ba a tsinke bakin ba. An bar shi haɗe da sauran audugar, an jingina a gefen taskira ta wajen hagu.

Bibata ta tura ƙofa. Ta zauna, ta dangwala yatsa a alli, ta ɗora daga inda aka tsaya.